Amsar tambayar Yaya a kan kayan motsa jikin 'yan matanmu a Ingila

Yaya, barka da war haka. Ya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na saurari saƙon muryar da kika turo bayan kin ga hoton 'yarki a filin gudu. Kika ce anya mu da ke zaune a Ingila ba mu saki hanya ba, budurwa da wando a bainar jama'a? Ban ji haushi ba, na san kishin tarbiyyarta ne, kuma kin isa ki faɗa. Maganar ce ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ki sake duba hoton. Wandon mai faɗi ne har idon sawu, rigar mai dogon hannu ce ta sauko gwiwa, sai ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba ya zamewa. Haka yawancin 'yan matanmu na nan Lesta suke fita. Darasin motsa jiki dole ne a makarantun gwamnati, har ana so yaro ya iya ninƙaya ta mita 25 kafin ya gama firamare. Abin da iyaye muke yi shi ne mu je mu zauna da malamai a daidaita a kan sutura.

Mu manya ma muna yi, kuma larura ce ta kai mu. Ki tuna Inna da ɗaurin ƙirjinta, daga surfe sai daka, daga jan ruwa a rijiya sai wanki a tsugune. Wa zai ce mata ta je motsa jiki? A nan inji ke wanki, mota ke kai ki unguwa, a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sanyi ya kulle ki a ɗaki. Sai ƙiba, sai ciwon suga da hawan jini. Don haka muke haɗa kuɗi mu kama wurin ninƙaya na awa ɗaya, mata zalla, mai tsaron ruwan ma mace.

Da farko ni ma ra'ayinki gare ni. Abin da ya sa na sake tunani wata ziyara ce zuwa Market Harborough, ƙaramin gari kusa da mu. Gidan tarihin garin yana cikin ginin tsohuwar masana'antar Symington, inda aka daɗe ana ɗinka wa mata koset. Na tsaya gaban rigunan nan ina jin kamar numfashina zai tsaya. Fiye da shekara 300 matan Turai suna ɗaura wannan rigar ciki mai tauri kullum, daga ƙirji zuwa ƙugu. Ana jera mata siraran tsinkaye da ake samu daga bakin wata ƙatuwar dabbar teku, daga baya aka koma ƙarfe, sannan a zarga igiya a ja. Har 'yan aikin gida da matan masaƙa suna sawa. Talaka takan sa ta fata ko ta gwanjo, a cikin gida kuma akwai wata mai laushi da aka cusa wa auduga, wadda ke barin mace ta sunkuya. Gaskiya ɗaya ce, ba kowa ke matse ta har ta suma ba. Rigar mama ba ta fito ba tukuna, ita ce ke tallafe ƙirji, ita ke ɗaukar nauyin tulin siket ɗin da ke kanta. Amma ba a yi ta don gudu ba.

A haka suka fara wasa. A 1884, da aka fara gasar tanis ta mata a Wimbledon, Maud Watson da doguwar riga har ƙasa da koset ta ci kofin. A 1887 Lottie Dod ta ci tana da shekara 15, kuma saboda ƙuruciyarta an bar ta ta sa rigar da ta tsaya a ƙwauri, ƙafarta ta sami sakewa. Tun 1881 wasu mata suka kafa ƙungiya a Landan ta neman suturar hankali. Bukatarsu ita ce kada kayan cikin mace su wuce nauyin kilo uku da ɗoriya. Yaya, ki auna mudu biyu na shinkafa a hannunki, wannan ne fa sassaucin da suke roƙo.

Keke ne ya fasa ƙwan. Da aka ƙera mai tayoyi kusan daidai da juna a Coventry a 1885, mata suka hau, dogon siket yana shiga sarƙa yana kayar da su, sai wasu suka koma wando mai faɗi. A 1898 wata mai otal a Surrey ta hana Lady Harberton, ɗaya daga cikin matan da suka kafa ƙungiyar nan, zama a ɗakin shan kofi saboda wandon keke. Aka kai kotu a 1899, mai otal ta yi nasara. Kalmar da aka jefi waɗannan mata da ita, ta rashin kunya, ita nake ji yanzu ana jifar 'ya'yanmu da ita, alhali jikinsu a rufe yake ruf.

A 1908 masana'antar nan ta Symington ta fitar da Liberty, 'yar shimi mai laushi da maɓallai, ba ƙarfe a ciki, don 'yan mata su iya tsalle da guje-guje. Tsofaffin Turawan unguwarmu har yau suna tuna ta. A 1919 Suzanne Lenglen 'yar Faransa ta ci Wimbledon ba koset a jikinta. Rigar mama ta gudu kuwa sai 1977 wasu mata uku suka ɗinka ta a Amurka.

Daga nan hanyarmu ta rabu da tasu. Su kayan sai ƙara gajarta suke yi, mu kuma muna son sakewar jiki tare da sutura, kuma wannan ma sai da aka yi fama. Aheda Zanetti, Musulma a Ostareliya, ta ƙirƙiro kayan ninƙaya masu rufe jiki a 2004. An hana hijabi a ƙwallon ƙafa a 2007, ba a ɗage ba sai 2014. A 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya da hijabi. Ranar 'yarki ta yi hawaye a gaban talabijin.

Ba duka muke baki ɗaya ba. Akwai gidajen da yarinya na balaga sai su tsayar da ita a wuraren mata kawai, kuma ina girmama su. A gidana doka ita ce ba matsattsen wando sai da doguwar riga a kai, ba fita gudu ita kaɗai. Abin da nake riƙe da shi kin san shi: Nana A'isha ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, bayan ta yi jiki suka sake ya wuce ta.

Abin da ya fi damuna a hotunan bikin da kike turo mini yake. Ɗinkin koset ɗin da amare ke yi yanzu a Kano, mai ƙarafuna da igiya a baya, shi ne wanda na gani a gidan tarihi. Amarya ba ta iya zama, ba ta iya cin abinci, surarta kuma duk a waje, fiye da ta mai wandon gudu. Don Allah idan bikin auta ya zo ki tsaya a kan tela.

Ki turo mini lambar takalminki. Akwai mai zuwa gida ƙarshen wata, zan ba ta na tafiya mai taushi ta kawo miki. Likita ya ce ki riƙa takawa saboda sugan nan, ko zagayen unguwa ne bayan sallar asuba, da hijabinki har ƙasa. A gaida Inna da yara.