Ɗaukar kaya daga jirgin da ya nutse: tsintuwa ce ko ɓarna?

Tambaya: Ina yin nutso a teku don shaƙatawa. A cikin wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse na ga faranti da cokula a warwatse. Ai ruwa ne zai cinye su. Mene ne laifi idan na ɗauko ɗaya na ajiye a gida?

Amsa: Malam, ka bar farantin nan inda ka gan shi. Abin da ya daɗe binne cikin laka a ƙasan teku, inda iska ba ta kaiwa, lalacewarsa a hankali take tafiya. Ranar da ka fito da shi ɓarna ke yin sauri. Gishirin da ya ratsa jikin tangaran yana bushewa ya tsattsage ƙyallin samansa, ƙarfe ya yi tsatsa ya dinga marmashewa, katako ya motse ya dare. Jirgin Vasa na ƙasar Suwidin ya nutse a 1628, aka ciro shi a 1961, kuma sai da aka shafe shekara 17 ana fesa masa sinadari don kada katakonsa ya lalace. Wa zai yi wa farantinka irin wannan hidima a gida?

Asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta bayani. Masu binciken tarihi suna karanta wurin da abu ya kwanta kamar yadda suke karanta abin da kansa. A ɗakin girki farantin yake, ko a ɗakin kyaftin? Me ke gefensa? Daga nan ake gane yadda mutanen jirgin suka rayu da irin hajar da suka ɗauko. Da ka ɗaga shi, shi ke nan, wannan bayani ya tafi har abada. Kuma ba kai kaɗai ke nutso ba. Dubi Thistlegorm, jirgin Birtaniya da jiragen saman Jamus suka nutsar a Bahar Maliya a 1941, maƙare da babura da manyan motoci. Masu nutso sun ciccire sitiyari da sauran sassa, kowa yana ganin nasa ɗan kaɗan ne.

Wasu jiragen kuma maƙabarta ce. Sama da mutum 800 suka mutu a jirgin yaƙi Royal Oak a 1939, kuma Birtaniya ta hana nutso a wurin sai da izini.

Ga doka ma. Yarjejeniyar 2001 ta UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kare kayan da suka kai shekara 100 a ƙarƙashin ruwa, ta fifita barinsu a wurinsu, ta hana cinikinsu. A Birtaniya, duk abin da ka ciro dole ka kai rahotonsa ga hukuma cikin kwana 28. Dokar Amurka ta 2004 ta haramta taɓa jiragen sojanta da suka nutse, ko ina suke, ba tare da izini ba.

Ka ɗauki hoto, ka rubuta zurfin wurin da inda farantin yake, ka sanar da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar da ruwan ke hannunta.