An yi wa Baba aikin ƙashin baya, ya za mu kula da shi a gida?

Tambaya: Salamu alaikum likita, daga Ƙauran Namoda nike. An yi ma babanmu aikin ƙashin baya a Sakkwato har an sa mai ƙarfe, yau kwana 6 da sallamo mu. Inna ta ce shi kwanta kawai kar shi motsa, kawu kuma na son a kira mai ɗori shi riƙa gasa wurin. Mi za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. A ba kawu haƙuri, maganar ɗori da gashi da tausa a bar ta kwata-kwata, ciwon ɗinki so yake ya zauna a bushe, kuma ƙarfen nan riƙe ƙashin kawai yake yi kafin ya haɗe, haɗewar kuwa tana cin wata 3 zuwa 6 ko fiye.

Inna tausayi ne ya sa ta faɗi haka amma kwanciya wuni guda illa ce, tana kawo daskarewar jini a ƙafa da gyambon kwanciya da taurin bayan gida. In dai likitan da ya yi aikin bai hana ba, ya riƙa tashi yana zaga tsakar gida minti 5 zuwa 10, sau da yawa a rana, wani na gefensa.

Abin da ya fi damuna shi ne mu rayuwarmu duk a ƙasa take, tabarma, masai na tsuguno, buta, kwanon tuwo, alhali a sati 6 na farko ba a son ya sunkuya ko ya murɗa ƙugu ko ya ɗauki kaya. To ku ɗago masa komai. Ya kwana a gado mai katifa mai ɗan tauri, a samo kujerar bayan gida ko kafinta ya huda kujera a ɗora kan masai, alwala wani ya zuba masa ya wanke masa ƙafa, sallah a kan kujera da nuni. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce fa, ko kusa da ita kar ya je.

Tashi daga gado kuma, ya lanƙwasa gwiwa, ya juya gefe kafaɗa da ƙugu tare kamar gungumen icce, ya sauke ƙafafu sannan ya tura da hannu. 'Yan dubiya in sun cika ɗaki kar kunya ta sa ya zauna fiye da rabin awa. Babur kam a'a, taba ma tana hana ƙashi haɗewa.

In kun ga zazzaɓi, ko ɗinkin na fitar da ruwa ko mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ku koma asibiti a ranar. In kuwa fitsari ya tsaya ko yana zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta ƙara rasa ƙarfi, ko da tsakar dare ne a nemi mota, kar a jira ranar kilinik.