In damuwa ta kama ka a Ingila, ta wace ƙofa za ka shiga?

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Ingila, za ka taso a watan Satumba, kuma ka taɓa fama da ciwon damuwa a gida. Kana tambaya wa za ka nufa in abin ya dawo, kuma ko gaskiya ne in baƙar fata ya kai kansa asibiti tsare shi ake yi, ko a soke masa biza.

Maganar tsarewa ba ƙage ba ce gaba ɗaya. Alƙaluman hukumar lafiya ta NHS suna nuna ana tsare baƙaƙen fata a asibiti ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983 fiye da ninki uku na yadda ake tsare fararen fata. Wariya tana ciki. Amma akwai namu laifin: sai ciwo ya ci jiki, mutum ya yi kwana da kwanaki ba barci, ya fara sambatu, sannan 'yan sanda ko motar asibiti su kawo shi. Wanda ya je wurin likita da ƙafarsa tun abin yana ɗanye, akasari shawara da magani ake ba shi ya koma ɗakinsa.

Don haka a makonka na farko, tun kana garau, yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP. Kyauta ne, kuma ka riga ka biya kuɗin lafiya tare da bizarka, fam 776 a shekara ga ɗalibi. In kana shan magani yanzu, taho da takardar likitanka mai sunan maganin da adadinsa.

Ganin GP bai cika wuce minti 10 ba, kuma nan mutanenmu suke ɓata rawarsu da tsalle. Sai mutum ya ce kansa na ciwo, ƙirjinsa na zafi, jikinsa ba ƙarfi, a auna jini a ce lafiya lau. Faɗi abin yadda yake: mako nawa ba ka barci, ka daina cin abinci, ka daina shiga aji, ba abin da ke maka daɗi. Za a iya ba ka takarda mai tambayoyi 9. Ta ƙarshe tana tambayar ko kana jin gara ka mutu. Amsa gaskiya. Na san abin da ke sa mu nauyin baki, mun taso inda dokar Penal Code ta Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, ga tsoron a ce imaninka ya yi rauni. Ingila ta cire shi daga jerin laifuka tun 1961. Likita ba zai gaya wa iyayenka ko makarantarka ba sai da izininka, in ba rai ne ke cikin haɗari ba. In Turanci ya gaza ɗaukar abin da ke ranka, nemi tafinta tun lokacin da kake karɓar rana. Ba ka biyan ko kwabo, kuma ya fi ka ja ɗan garinku da gobe za ku haɗu a masallaci.

In an rubuta maka magani irin sertraline, fam 9.90 ake biya kan kowane magani a Ingila. Yana ɗaukar makonni kafin ka ji sauƙi, wani har mako 6, kwanakin farko kuma yana iya kawo tashin zuciya da rashin natsuwa. A nan da yawa suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Koma wa likita ya duba, musamman in ba ka kai shekara 25 ba, don a wannan shekarun tunanin cutar da kai kan iya ƙaruwa da farko. Kada ka yanke shi lokaci ɗaya. Akwai kuma maganin zama da ƙwararre, NHS Talking Therapies, wanda kai da kanka za ka cike neman sa ta intanet. Layinsa na iya tsawo, shi ya sa ka haɗa da ofishin walwalar ɗalibai na jami'arka. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ka ko ɗaya. Jami'o'i da yawa ma suna da limamin ɗalibai.

Biza kuwa, ganin likita ba ya taɓa ta. Abin da ke taɓa ta shi ne ka rufe kanka a ɗaki ka daina halartar darasi shiru, domin jami'a tana bin sawun zuwanka kuma dole ta kai rahoto ga hukumar shige da fice. Hutun karatu da ya wuce kwana 60 kan sa ta janye ɗaukar nauyin bizarka. Kafin ka sa hannu a takardar dakatar da karatu, zauna da mai ba ɗaliban waje shawara. Sau da yawa ƙarin lokacin miƙa aiki da takardar likita ya wadatar.

Disamba ce za ta gwada ka. Kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, ka yi Magariba kana ganin kamar yanzu aka yi Azahar, ɗaliban gida sun watse hutu, gidan kwana ya yi tsit. Fita da hantsi ko da rabin awa ne, kada ka bar Juma'a, ka riƙa shan bitamin D maikirogiram 10 kullum.

Sa waɗannan a wayarka tun kana gida. Samaritans, ƙungiyar masu sauraron wanda ke cikin damuwa, 116 123, kyauta dare da rana. In ba ka iya buɗe baki, tura saƙon tes mai kalmar SHOUT zuwa 85258. In abin ya tsananta, kira 111, layin NHS, ka zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. In rai na cikin haɗari yanzu, 999. Idan kuma abokin zamanka ne ya fara yafe bashi, yana raba kayansa, yana cewa ya gaji da duniya, kada ka tsaya a "yi haƙuri". Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, kawar da magungunan da ke ɗakin, ku kira 111 tare. In ya riga ya sha wani abu, 999 nan take, ko da yana ce maka lafiyarsa ƙalau.