Bello, ga abin da ya hana ka sake rubuta fetch

Bello, ka ce manhajar da kake yi wa mai shagon nan na babbar kasuwar Sakkwato tana tsayawa in sabis ya yi rauni, shi ya sa ka rubuta naka fetch (umarnin da manhaja ke neman bayani da shi ta intanet) mai sake gwadawa, sai TypeScript, yaren da ke duba kurakurai kafin a mayar da aiki JavaScript, ya ja maka jan layi. To, ba rigima yake nema da kai ba. Sunan yana da mai shi tun kafin ka zo.

Akwai fayil da ake kira lib.dom.d.ts da ke zuwa tare da TypeScript. A ciki aka riga aka bayyana fetch da alert da sauransu, da abin da kowanne ke karɓa da abin da yake mayarwa. Fayil ɗinka kuwa ba import ba export, don haka duk abin da ka rubuta ciki ya faɗa fili ɗaya da nasu, sunaye suka yi karo.

In a wannan fayil kaɗai kake son naka ya yi aiki, saka export {} a ƙasa. Fayil ya zama module, wato mai filin sunayensa shi kaɗai, naka ya rufe na asali a nan ciki, shi ke nan.

Wurin da yara ke ruɗewa shi ne declare global, hanyar ƙara bayani kan sunayen da kowane fayil ke gani. Suna zaton yana sauya aikin. Ina! Allon ƙofar shago ne kawai ka sake wa rubutu, kayan ciki suna nan yadda suke. Duk bayanin nau'i (types) gogewa yake yi lokacin da aka mayar da aikin JavaScript, burauza ba ta ma ganinsa. Kuma ba ya cire tsohon bayanin, ƙari yake yi a kansa.

Sauyi na gaske sai ta window.fetch. Fara ajiye na asali da window.fetch.bind(window), sannan ka ɗora naka, ya karɓi abin da tsohon ke karɓa, ya mayar da Promise na Response. In ba ka sa bind ba kuma ka cusa shi cikin wani object, Chrome zai ce maka Illegal invocation.

Ni dai a wanga aiki ba zan taɓa window ba. Duk laburaren da ka jawo mai amfani da fetch, da wannan ɗin zai yi aiki, kuma in naka ya maimaita POST, wato aika bayani, ana iya rubuta ciniki ɗaya sau biyu a lissafin Alhaji. Rubuta naka da wani suna, ka ce masa nemoBayani, ya kira fetch daga ciki, ya sake gwada GET kaɗai, wato ɗauko bayani. Gobe ka kawo in duba.