Faifan birki mai araha ko mai nauyi, wanne zan sara?

Tambaya: Malam, ina da shagon kayan mota a Farin Gada, Jos. Na tara naira miliyan 2 zan saro faifan birki. Akwai mai araha, akwai mai tsada, kuma a ido ba ka bambanta su. Mutane araha suke bi. In zuba kuɗin duka a kan mai arahar?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ban ba ka shawarar haka ba, kuma dalilina yana Hawan Kibo, gangaren nan na hanyar Jos zuwa Akwanga.

Aikin birki shi ne mayar da gudun mota ya koma zafi, faifan nan kuma shi ke shanye zafin. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cak sau ɗaya, zafin da za ta fitar ya isa ya tafasa kusan lita 2 na ruwa. In gudun ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu. Kuma faifayen gaba ne ke ɗaukar mafi yawansa. To yi tunanin Sharon ko Hiace maƙare da fasinja da buhunan dankali, tana gangara Hawan Kibo za ta Akwanga, ƙafar direba ba ta bar birki ba. Zafi na taruwa bisa zafi, babu lokacin hucewa.

A nan ne arahar ke tona kanta. Hanya mafi sauƙi ta rage tsadar faifai ita ce a rage ƙarfen: a sirance fuskokin biyu, a faɗaɗa ramin iskar da ke tsakani, kaurin waje yana nan yadda yake. Shi ya sa ido ba ya gani. Amma faifan da aka rage wa kashi 1 cikin 5 na nauyinsa, zafinsa zai ƙaru da kashi 1 cikin 4 a taka ɗaya. Daga nan sai fad, wato abin da ke matse faifan, ya ƙone ya daina kamawa, ko man birki ya tafasa, direba ya taka ya ji wayam. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana jure digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuma 230, amma in sun tsufa sun sha laima sai su sauko wajen 140 da 155. Wannan magana ce ta ran mutane, ban iya ɗaukarta da sauƙi ba.

Saboda haka kafin ka biya dila ko kwabo, sayi sikeli da ma'aunin kauri. Auna samfurinsa, ka auna na asali na irin motar. Leƙa ramin iskar, ka ga ko fuskokin biyu kaurinsu ɗaya. Duba rubutun MIN TH a gefe, shi ne mafi ƙarancin kaurin da aka yarda faifai ya sirance ya kai. Na hannu ɗan Baljiyam da ya kusa kai wa can, bar musu abinsu. Masu huje-huje kuwa samari na son su don ado, sai dai sukan tsage ta bakin hujin, kada ka tara su.

Kuɗin kuma, kada ka watsa shi a kan kowace irin mota. Faifai kaya ne mai nauyi, jigilarsa na cin riba, ba ya saurin fita kamar fad, ga daminar Jos da tsatsa. Zaɓi motoci uku ko huɗu da direbobin tasha ke yawan hawa, ka saro mai nauyin. Ware wani kaso na fad mai kyau da man DOT 4, tunda faifai biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama, da sabon fad. Riba uku ke nan a ciniki ɗaya.

In mai saye ya ce ya yi tsada, kada ka ja da shi. Ɗora masa biyun a sikeli ya karanta da idonsa, sannan ka tambaye shi wace hanya yake bi.