Ga ƙanwar da malaminsu ya ce talakan birni malalaci ne

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kin ce malaminku ya faɗa a aji wai talakan birni shi ya so talaucinsa, lalaci ne da ake gada, har kin fara jin kunyar faɗin unguwarku, kina tambaya ko gaskiya ne. Wallahi ba gaskiya ba ne, kuma na san zafin nan.

Zancen ya daɗe. Wani Ba'amurke, Oscar Lewis, ya zauna da iyalai matalauta a Meziko, a 1959 ya ce talauci yana da al'adarsa da iyaye ke gadar wa 'ya'ya. Amma masu nazarin rayuwar al'umma irinsa, waɗanda ke tarewa a unguwa su ci su sha da mutane, sun ga akasin haka. Keith Hart ya zauna a Nima, cikin Akara, inda 'yan'uwanmu na zango suke, daga 1965 zuwa 1968. Ya tarar waɗanda gwamnati ta rubuta "marasa aiki" kullum suna kan aiki: dako, tireda, ɗinki, tuƙi, albashi ne kawai babu. Janice Perlman ma ta shiga unguwannin talakawan Riyo a Burazil, ta ga mutane masu tashin asuba, burinsu yaransu su yi karatu.

Ni Innata ce hujjata. Da asuba ta soya ƙosai, ta wuce aikatau gidan wata Hajiya, shara, wanke-wanke, wankau, da la'asar ta dawo ta zauna kitso. Ranar da sarƙar Hajiya ta ɓata ina tsaye a tsakar gidan. Ta sa Inna ta kwance ƙullin zaninta a gaban 'ya'yanta, kuɗin adashi suka zube a ƙasa, Hajiya ta ce, "Ku dama ba ku son wahala, sai roƙo da sata." Matar da ko kofin da ta sha shayi ba ta ɗaukewa! Inna ta durƙusa tana tsince kuɗinta, ba ta ce uffan ba. Daga baya aka ga sarƙar a jakar 'yar gidan. Ba haƙuri, ba aike, kuɗin watan ma ta riƙe. Har yau in na bi ta layin nan ƙirjina sai ya yi nauyi.

Kada ki yi musu da malamin a aji, makinki yana hannunsa. Ki sayi littafi, ki bi gidajen layinku ki rubuta sana'ar kowace mace da lokacin tashinta, ki sa a aikin da za ki miƙa masa. Ki tambayi kuɗin haya da na ruwan 'yan garuwa, ki gwada da abin da mai famfo ke biya. Kuma don Allah, masu tura yara mata aikatau a wannan zauren, ku riƙa leƙa su, ku karɓi kuɗinsu duk wata, kada ya taru a hannun uwar gida. Ke kuma in an tambaye ki unguwarku, ki faɗa da ƙarfi. In kin fara rubutun ki turo nan, zan duba miki.