Amsa: Safar matse ƙafa ga mai kumburi

'Yar uwa, kin ce ƙafafunki na kumbura da yamma, jijiyoyi sun fito sun murɗe, ko safar asibiti za ta yi miki? In matsalar jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya ce, tana taimakawa sosai. Matsinta ya fi ƙarfi a idon sawu, yana raguwa zuwa sama. A sa da safe kafin kumburi, a cire lokacin barci.

Amma kada ki saya a kemis da ka. Mai ciwon suga ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa, matsin na iya jawo masa gyambo. Likita ya fara dubawa, a auna ƙafar. Ƙafa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya, da zafi? Asibiti yau.